Kaɗe-kaɗen Jiya: Waɗanda Suka Rayu Da Waɗanda Suka Bi Masu Su

Kwanakin baya wata hidima ta kai ni Funtuwa daga Kaduna, kuma da yake motata tana wurin bakanike, sai na je tashar Kawo na shiga ta haya. Direban da ya ɗauke mu matashi ne, in ya yi yawa shekarunsa ashirin da biyar. Muna fita gari ya haɗa wayarsa da rediyon motar, sai ga kalangu ya tashi, sai ga muryar marigayi Alhaji Mamman Shata. Muka wuce Jaji, muka ratsa Zariya, muka kama hanyar Giwa, duk Shata ne, wannan waƙa na ƙarewa wata na tashi. Wani dattijo da ke zaune a gidan gaba ya kasa haƙuri, ya dube shi ya ce, "Kai yaro, a ina ka san Shata?" Direban ya yi murmushi ya ce, "Baba, ai shi ne ke hana ni gyangyaɗi a kan titi."

Shata ya rasu ranar 18 ga Yuni, 1999, aka binne shi a Daura. Ke nan ko dai ba a haifi wannan direba ba a lokacin, ko kuma yana goye. Bai taɓa ganin Shata a fage ba, bai san mutanen da ake ambata a waƙoƙin ba, kuma yawancin motocin da Shata ya yi wa direbobinsu waƙa sun daɗe da zama tarihi. Amma ga shi yana tafe da shi a aljihu. Tun daga wannan rana nake ta juya wata tambaya a raina: cikin ɗimbin kaɗe-kaɗen da suka cika kunnuwanmu daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa ƙarshen na 1980, waɗanne ne suka kawo yau da ƙarfinsu, waɗanne ne suka ɓace, kuma me ya raba su?

Ya kamata mai karatu, musamman wanda bai riski zamanin ba, ya san irin cunkoson da ke kasuwar kiɗa a wancan lokaci. Gidan Rediyon Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, shi ne sarkin fage, kuma shirin Zaɓi Sonka kaɗai ya isa ya ɗaga mawaƙi daga ƙauyensu ya kai sunansa har Kumasi da Yawunde. A rana guda mutum zai ji kotson Musa Ɗanƙwairo da na Sa'idu Faru, ya ji kuntigin Ɗanmaraya Jos, ya ji gurmin Haruna Uji na Haɗeja, ya ji kukumar Garba Supa ko ta Hassan Wayam ko ta Ahmadu Doka, ya ji ƙwaryar Barmani Choge, sannan Shata ya rufe. Da dare kuma gidajen silima irin su Plaza da Orion da El Dorado a Kano suna cika maƙil saboda finafinan Indiya, a fito ana rera waƙoƙin Lata Mangeshkar da Muhammad Rafi da Kishore Kumar ba tare da an san ma'anar kalma ɗaya ba. A ɗakunan kwanan ɗalibai na jami'o'i da manyan kwalejoji kuwa, wata duniyar ce daban: disko, da rege na Bob Marley, da faifan Thriller na Michael Jackson da ya fito a 1982, da kiɗan Kwango, da kuma Jim Reeves da Don Williams waɗanda manyan ma'aikata ke sa wa a motocinsu ranar Lahadi da yamma. Akwai kuma 'yan gida masu kiɗan zamani da kayan Turawa, irin su Bala Miller da ƙungiyarsa a Kaduna, da Funmi Adams wadda ta rera waƙoƙi da Hausa har yara suka haddace.

Da a ce a 1984 an tara mu, mu 'yan boko na lokacin, aka ce mu yi hasashen abin da zai kai shekara arba'in, babu ko tantama da yawanmu da disko za mu zaɓa. Muna ganin shi ne ci gaba, kalangu kuwa kayan ƙauye ne da zai mutu tare da tsofaffi. Sai ga shi disko ne ya riga kowa kwantawa. Yau babu gidan biki ko ɗaya a Arewa da za a sa shi mutane su tashi, sai dai a taron tsofaffin ɗalibai, inda masu furfura za su ɗan taka na minti biyar don dariya, gwiwoyi su tuna musu da shekarunsu, su koma su zauna. Rawar burek da samari suka riƙa karya wuya a kanta ta tafi ba ta bar ko magaji ba. Rege ya ɗan fi daɗewa, kuma har yanzu akwai masu ƙaunar Bob Marley, wanda ya rasu tun 1981, amma a ƙasar Hausa bai taɓa zama abin da jama'a ke yi da kansu ba. Don Williams, wanda ya rasu a 2017, yana nan a motocin waɗanda suka yi ritaya, kuma ina jin zai bi su duk ranar da suka tafi. Waɗannan duka baƙi ne da suka zo da yayi, aka karɓe su hannu bibbiyu, yayin ya wuce suka yi sallama.

To amma kada a ɗauka cewa zancen na baƙo da ɗan gida ne kawai, domin akwai 'yan gida da suka sha kaye fiye da baƙin. Ina kukuma a yau? A shekarun 1970 da 1980 babu bikin 'yan birni da ya cika ba tare da mai kukuma ba, kuma Garba Supa ya yi tashen da samari da 'yan mata ke bin sa unguwa-unguwa. Goge ma haka, yana da gidajensa da dandalinsa a kusan kowane babban gari. Waɗannan kaɗe-kaɗe sun dogara ne da wani irin taro: ajo, da wasan dare a ƙofar gida, da gidajen rawa na bayan gari. Da wa'azi ya yi ƙarfi a kan irin waɗannan tarurruka, sannan jihohi suka fara aiwatar da shari'ar Musulunci daga Zamfara a ƙarshen 1999 zuwa Kano a 2000, sai fagen ya ƙuntata. Bikin ma ya tashi daga ƙofar gida ya koma zauren taro na haya, inda mai na'ura guda ɗaya zai yi aikin makaɗa goma a kan kuɗin da bai kai na abincinsu ba. Ba na cewa babu mai goga kukuma a yau. Akwai su jefi-jefi. Amma yaron da zai ce wa mahaifinsa yana son ya koyi kukuma don ya ci abinci da ita, sai an tona.

Daga nan ne na fara fahimtar abin da nake ganin shi ne bakin zaren. A wurin Malam Bahaushe kiɗa ma'aikaci ne, kowane iri da aikin da aka ɗauke shi ya yi da kuma wurin da yake yin sa. Akwai na fada, akwai na maza a fagen dambe, akwai na manoma, akwai na mahauta, akwai na mata a cikin gida. Duk kiɗan da wurin aikinsa ya ci gaba da wanzuwa, to ya rayu, ko da kuwa ya sauya kaya har ba a gane shi da farko. Wanda aka rushe masa wurin aiki kuwa, daɗinsa bai cece shi ba.

A ɗauki kiɗan sarauta, wanda shi ne ya fi ba ni mamaki. Tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976 aka raba sarakuna da mafi yawan ikon da suke da shi, kotu da 'yan doka da gidan yari ma sun riga sun bar hannunsu tun kafin nan. Mai hankali zai zaci waƙar da aka gina kan kambama mai iko za ta mutu tare da ikon. Sai abin ya zo akasin haka. Sarautun gargajiya sai ƙaruwa suka yi, masarautu suka yawaita, kowane babban ma'aikaci ko ɗan kasuwa ko ɗan siyasa yana neman rawani, kuma rawani ba ya cika sai da mai faɗa wa duniya asalin mai shi. Shi ya sa waƙoƙin Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, har gobe su ake sakawa a wajen naɗin sarauta, kuma waƙarsa ta 'Yandoton Tsafe ta zama kamar ta kowane basarake, a sa ta a bikin wanda bai taɓa taka Tsafe ba, ya riƙa gyara zaman rawani kamar da shi ake. Ibrahim Narambaɗa ya bar duniya tun farkon shekarun 1960, ubangidansa kuwa Sarkin Gobir na Isa ne, amma yau ɗaliban jami'a ke rubuta kundin digiri a kan azancinsa, matasa kuma suna yanko guntayen waƙoƙinsa suna ɗorawa a kan hotunan hawan salla. Hawan sallar kansa, da tambari da kakaki da algaitarsa, yana nan, har hukumar UNESCO ta sanya hawan daba na Kano cikin jerin al'adun duniya da ta amince da su a watan Disamba na 2024.

Daɗin daɗawa, wannan fanni bai tsaya ga tsofaffin faya-fayai ba. 'Ya'ya da jikokin Ɗanƙwairo sun ci gaba da riƙe kotso, sannan ga sababbin shiga da suka ɗauki salon suka kai shi ɗakin ɗaukar sauti. Duk wanda ya saurari waƙoƙin sarauta na Aminu Ladan Abubakar, wato Alan Waƙa, ko na Naziru Ahmad da ake kira Sarkin Waƙa, zai ji tsarin na dā ne: a kafa amshi, a jero nasaba, a zuga gwani, a yi wa maƙiyi habaici ba tare da an kama suna ba. Abin da ya sauya shi ne fiyano ta maye gurbin fata, kuma 'yan amshi goma sun koma murya biyu da na'ura ta ninka. Ni dai kunnena ya fi son fatar, amma wannan ra'ayina ne, ba hujja ba ce.

Na biyu da ya rayu, kuma wanda manazarta maza suka fi yi wa ganin raini, shi ne kiɗan mata. Amada kiɗa ne na cikin gida: a kifa ƙorai, wata a kan ruwa a cikin babban masaki, a riƙa bugawa, mata su yi da'ira su cashe babu namiji a kusa. Hajiya Uwaliya Mai Amada ta yi zamaninta a Kano, sannan Hajiya Sa'adatu Barmani Choge ta Funtuwa ta fito da shi fili har ya shiga rediyo da talabijin. Abin da Barmani ke faɗa shi ne abin da mata ke faɗa wa juna idan maza sun fita: kishi, haihuwa, ragon miji, da wajibcin mace ta nemi sana'a kada ta zauna jiran a ba ta. Ta rasu a 2013, kuma gaskiya ne cewa ƙwaryar kanta ta ja baya a birane. Amma taron da ta yi wa aiki bai je ko'ina ba. Ana kamu, ana sa lalle, ana wunin biki, ana suna, har ma an ƙaro wasu bukukuwan da iyayenmu ba su san su ba. Matan da ke waɗannan tarurruka suna bukatar wanda zai ba su abin takawa da abin yi wa kishiya da dangin miji shaguɓe. Wanda ya gane wannan a zamaninmu shi ne Ado Gwanja, kuma duk wanda ya kasa kunne ga kiɗansa zai ji bugun amada a ƙarƙashinsa, da irin kalaman da sai wanda ya tashi a tsakar gida zai iya. Har yau kuma, idan biki ya yi biki, aka gaji da na zamani, wata uwar ɗaki za ta aika a ce wa mai na'ura ya sa Barmani, nan take kuma fili zai cika da waɗanda tun safe suke zaune.

Kiɗan maza ma ya tsira a inda fagensa ya tsira. Dambe bai mutu ba, hasali ma ya samu sabuwar kasuwa, domin yanzu ana ɗaukar sa a bidiyo ana sakawa a YouTube, mutanen da ba su san inda Sakkwato take ba suna kallo. Kuma ba a dambe ba tare da kalangu da kirari ba, don haka makaɗan suna nan, waƙar da Ɗan'anace ya yi wa Shago kuma ita ce ma'aunin da ake gwada kowane sabon mawaƙin fage da shi. A Jamhuriyar Nijar gasar kokawa ta ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975, ta riƙe makaɗanta da mawaƙanta har yau. A gwada wannan da kiɗan noma. Gayya ta yi ƙaranci, matasan karkara sun tafi birni neman kuɗi, wanda ke da hali kuma ya ɗauki 'yan ƙwadago ko ya yi hayar tarakta, kuma babu wanda ke kiran makaɗi ya zuga tarakta. Haka kiɗan farauta da na maƙera da na sauran sana'o'i suka bi, sai ɗan abin da ake fitowa da shi ranar bikin nuna al'adu, a yi wa manyan baƙi na minti goma a tafa.

Yanzu bari mu koma kan baƙin, domin akwai guda ɗaya da ya ƙi tafiya, har ya auri 'yar gida ya hayayyafa. Finafinan Indiya sun fara shigowa Arewa tun shekarun 1950 ta hannun 'yan kasuwa Kwarori masu gidajen silima, kuma sun samu karɓuwar da finafinan Amurka ba su taɓa samu ba. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: auren dole, biyayya ga iyaye, kunya tsakanin saurayi da budurwa, talaka mai gaskiya da attajiri azzalumi, duk abubuwa ne da Bahaushe ya gani ya ce ai namu ne. Masanin nan, Brian Larkin, ya yi dogon bincike a Kano a kan wannan alaƙa, haka ma Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero. Abin da ya bambanta waƙar Indiya da disko shi ne ta tarar da gurbi a buɗe. Manyan mawaƙanmu na gargajiya sun yi wa sarakuna da attajirai da jarumai da 'yan siyasa waƙa, amma waƙar da saurayi da budurwa za su yi musayar kalaman so a cikinta ba ta da yawa a hannunsu, in ban da irin su Haruna Uji da waƙoƙin 'yan mata na dandali. Indiya ta zo ta cike wannan gurbi.

Da aka fara finafinan Hausa na bidiyo, waɗanda ake ƙirga farkonsu daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, ba a daɗe ba aka shigo da waƙa da rawa irin ta Indiya. Fim ɗin Sangaya, wanda ya fito a ɗan tsakanin da Shata ya kwanta dama, shi ne ya tabbatar wa 'yan kasuwa cewa waƙa ce ke sayar da kaset. Daga nan aka samu abin da ake kira nanaye: murya ta namiji da ta mace suna amsa wa juna, a kan kiɗan fiyano ƙirar Yamaha, daga baya kuma aka ƙara na'urar da ke tace murya har ta koma kamar ta ƙarfe. An yi wa wannan salo tofin Allah-tsine iri-iri, malamai sun yi wa'azi a kansa, Jihar Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001, mu ma masu rubutu a jaridu mun ce kwaikwayo ne da ba zai kai ko'ina ba. Ga shi ya haura shekara ashirin da biyar yana nan. Ya wuce daga hannun 'yan farko zuwa su Nazifi Asnanic da Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Ali Jita, ya kai ga Hamisu Breaker wanda waƙarsa ta Jaruma ta sa matan aure suka riƙa ɗaukar bidiyon kansu suna yi wa mazajensu rawa a 2020, lokacin da annobar korona ta kulle mutane a gida. Asalin na Indiyan ma bai gushe ba. Ranar da Lata Mangeshkar ta rasu a watan Fabrairu na 2022, ta'aziyyar da Hausawa suka yi ta rubutawa a Facebook sai ka ce wata gwaggonsu ce ta rasu.

Har begen Manzon Allah (SAW) sai da wannan iska ta taɓa. Bege daɗaɗɗen abu ne a zawiyoyi da makarantun Islamiyya, da mandiri ko ba da shi ba. A Kano an yi ƙungiyoyin sha'irai, irin su Ushshaƙu Indiya, waɗanda suka riƙa ɗaukar karin waƙoƙin finafinan Indiya suna ɗora musu baitocin yabo, da hujjar janye hankalin matasa daga yabon 'yan mata zuwa yabon Fiyayyen Halitta. Yau mafi yawan sha'irai da fiyano suke aiki. Muddin ana Mauludi ana kuma zikirin Juma'a, wannan fanni ba shi da fargabar rasa masu saurare.

Waƙar siyasa ba ta bukatar dogon bayani. Tun zamanin NEPU da NPC ake ta, aka yi ta a jamhuriya ta biyu tsakanin NPN da PRP, kuma tun da aka dawo mulkin farar hula a 1999 kowace shekara huɗu kasuwarta ke ci. Dauda Kahutu Rarara ya nuna a zaɓen 2015 cewa mawaƙi ɗaya na iya yin aikin da motocin yaƙin neman zaɓe ɗari ba za su yi ba. Sai dai irin ne ke rayuwa, waƙoƙin kansu ba sa kai labari. Waƙar ɗan takara takan mutu ranar da aka rantsar da shi, wani lokaci ma mawaƙin ne da kansa zai fito da wadda za ta kashe ta.

Wannan ya dawo da mu ga direbanmu na hanyar Funtuwa, da kuma wurin da ma'aunin nawa ya so ya gaza. Shata ba makaɗin fada ba ne, ba na dambe ba ne, ba na wata sana'a guda ba ne. Ya yi wa sarki, ya yi wa direba, ya yi wa malami, ya yi wa ɗan kasuwa, ya yi wa sojan da ya tafi yaƙin basasa, ya yi wa wanda ya ɓata masa rai. Tun a 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Indiana ta Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, sannan a 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da tarihinsa mai suna Shata Ikon Allah. Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a watan Yuni na 2015, shi kuma ko 'yan amshi ba shi da su, daga shi sai ɗan kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, yana yi wa karen mota da talaka da ma'aurata magana. Waɗannan biyu ana sauraren su a yau, wataƙila ma fiye da yadda ake sauraren su a shekarun ƙarshe na rayuwarsu, saboda waya ta sauƙaƙa abin da a dā sai an je Ƙofar Wambai an sayi kaset. Kowane mai tura waƙoƙi a bakin kasuwa yana da jakar Shata a kwamfutarsa.

Amma a nan akwai bambancin da ya kamata mu lura da shi. Kiɗan sarauta da na mata da na dambe da nanaye ana yin sababbi kullum. Shata da Ɗanmaraya kuwa sauraren su kawai ake yi. Akwai masu riƙe da kalangu suna rera waƙoƙin Shata, har da na cikin gidansa, kuma suna ƙoƙari, amma maimaici ne. Ba a samu wanda zai tsaya a gaban taro, ya dubi mutum, nan take ya ƙera masa waƙar da za a riƙa rerawa bayan shekara hamsin ba. Wannan baiwa ta ƙirƙira a fage ita ce jarin Shata, kuma tsarin yau ba ya tarbiyyar irinta, domin mawaƙin yanzu a ɗaki yake rubutawa, ya rera, a goge, ya sake, na'ura ta gyara masa inda ya kauce. Kuntigi kuwa, in gaskiya za a faɗa, kusan tare aka binne su da mai shi. Saboda haka idan aka ce waƙar Shata ta rayu, gaskiya ne. Idan aka ce irin kiɗan Shata ya rayu, sai in ce a dakata tukuna.

Abin da ya rayu a faifai kaɗai kuwa, rayuwarsa tana hannun wanda ke ajiye faifan, kuma a nan ne hankalina bai kwanta ba. Abin da ke yawo a wayoyi kaɗan ne daga abin da aka ɗauka, kuma yawanci kwafin kwafi ne, sauti ya dushe, an yanke farko ko ƙarshe, wani ma an liƙa masa sunan mawaƙin da ba shi ya yi ba. Na taɓa jin waƙar Sa'idu Faru an rubuta mata sunan Narambaɗa, dubban mutane sun saurara babu wanda ya gyara. Manazarta irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun yi aikin rubuta matanin waƙoƙi da tarihin makaɗa, Allah Ya saka musu, amma takarda ba ta riƙe sautin kotso. Asalin faya-fayan suna ɗakunan ajiya na gidajen rediyo da kuma hannun wasu tsofaffin masu sha'awa da ke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, magada kuma su kwashe kaset ɗin su zuba a buhu su kai bayan ɗaki.

Shekarun baya na shiga ɗakin ajiya na wani gidan rediyo, wanda ba sai na kama suna ba, ina neman wata hira da aka yi da wani makaɗin gurmi. Ma'aikacin da ke kula da wurin, dattijo ne da ya kusa ritaya, ya yi ta bincike har ya ciro faifan, irin mai zare ɗin nan na dā, da sunan makaɗin da kwanan wata a rubuce da biro a jikin kwalin. Na'urar sanyaya ɗakin ta daɗe da lalacewa, rufin kuma yana yoyo ta kusurwa ɗaya. Ya riƙe faifan a hannu ya ce mini, "Ranka ya daɗe, ga shi nan, amma injin da zai juya shi ya fi shekara shida bai tashi ba, kuma wanda ya iya gyaransa ya rasu." Na tambaye shi ko an taɓa kwafe shi a wani wuri. Ya girgiza kai, ya hure ƙurar da ke kan kwalin, ya mayar da shi inda ya ɗauko.